Furen Tabar Bayan Ɗakina

Mai gidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yabon miyata da rabin bakin da yake yabon tabarsa ba. Miya in ta yi daɗi sai ya ce "to", ya suɗe hannu ya tashi. Taba kuwa sai ya zaunar da mutum. Na sha tsayawa da faifai a hannu, gari na jirana, ina sauraron labarin hayaƙi kamar wadda ake ba tarihin sarakuna.

Ƙauyenmu na tsakanin duwatsun Funtua da hanyar Malumfashi, kuma a can kowane gida da 'yar gonar tabarsa a bayan danga. Tabar garinmu mai sauƙin kai ce. Ka zuƙa, ka fesar, ka ɗauki fartanyarka. Ita ya fara sha, kuma duk shekarun nan lafiya lau muke zaune.

Wahalata ta fara ne ranar da wani tsohon Bamaguje, aminin mahaifinsa, ya biyo yi mana sallama. Lokacin mahara sun matsa wa mutanen gindin dutse, tsohon ya tattara iyalinsa da awakinsa zai yi kudu. Ina bayan zana ina jin su. Ya kwance wani ɗan ƙulli daga bakin walkinsa ya ce, "Ɗana, wannan irin taba ne, a hannun kakana na same shi. In ya ɓace a wurinka ya ɓace ke nan, don ni ban san inda damina za ta same ni ba." Irin bai fi abin da mutum zai ɗauka da yatsu ba, ga laushi kamar toka. Tsohon ya tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Mai gida ya raba irin biyu. Rabi ya zuba a ƙahon rago ya toshe, rabi ya cuɗa da toka ya yayyafa. Daga nan gidan ya koma na taba, mu muka zama baƙi. Da ta isa dashe ya dasa, da ta tasa ya bi ta yana fille mata kai don kada ta yi fure, ƙarfin duk ya koma ganye. Ganyen kuwa ya fito faffaɗa, mai kauri, in ka taɓa ya manne maka a hannu kamar ƙaro. Aka tsinke aka rataye a inuwa, inuwar kuma ɗakina ce. Aka sauke aka jibge, aka rufe da tabarmata don ya yi gumi, kullum a buɗe a juya a shinshina a mayar. Da ya yi baƙi ya tufke shi kamar igiya, ya naɗe a cikin tukunyar da nake jiƙa gero, wai ita kaɗai ce ba ta warin daddawa.

Ranar da zai fara sha, ya yanki ɗan kaɗan, ya murje a tafin hannu, ya cusa a lofe. Na kawo garwashi ya mayar da ni, wai na kara ne, zai ɓata mata baki, sai na marke. Na koma na tono na marke. Ya zuƙa sau ɗaya, sai na ga idonsa ya kawo ruwa, ya dafa ƙasa da hannu.

Na ce, "Malam, in kawo ruwa?"

Ya ɗaga mini hannu. Da murya ta dawo masa sai ya ce, "Wannan ba a yi mata surutu a kai."

Shi kuwa surutu a kanta ya yi ta yi har ya koma ga Allah. A cewarsa farkonta yaji ne, kamar ka tauna masoro, ta bugi maƙoshi ta haura hanci don ta ga ko za ka iya da ita. In ka daure ba ka yi tari ba sai ta sauko, ta kawo wani gardi irin na gyaɗar da ta ɗan ƙone a yashi, da wani zaƙi can ƙasa kamar maɗin ɗinya da ya kama gindin tukunya. Bayansa ƙamshin sabuwar fata, wadda aka fito da ita daga majema. Can ƙarshe, in ta kusa zama toka, sai ɗaci mai nauyi ya zauna a bayan harshe ya wuni tare da kai, ruwa ma in ka sha ka ji kamar an sa masa wani abu. Jiki ya yi nauyi, kai ya yi wasai, ba ka son kowa ya tambaye ka komai. Wannan na ƙarshen na gaskata, don in yana cikinta ko gobara na ce sai ya ce in jira.

Ni dai abin da na sani, hayaƙinta ba ya tashi sama. Kauri gare shi, shuɗi-shuɗi, ya tsaya daidai tsayin mutum, ya shiga zane, ya shiga gashi, ya shiga fura. Na taɓa zuƙa sau ɗaya don in huta da jin "ba za ki gane ba". Yajin na ji shi, gaskiya ne. Gyaɗa da maɗi ban kai gare su ba, don kwanciya na yi, ɗaki na juyawa da ni har la'asar. Amma ba zan yi ƙarya ba, in aka buɗe tukunyar nan babu wuta, ƙamshin na da daɗi, kamar ƙasa in ruwan farko ya taɓa ta.

To, a gidan akwai Inna, mahaifiyarsa, kuma shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in za ta yi maganarsa sai ta ce mini "mutumin naki". Shi ma bai taɓa riƙe lofe a gabanta ba. A wurin Inna ɗanta ba ya shan taba, gonar nan duk ta sayarwa ce. Bayan rumbu yake laɓewa ya sha, hayaƙin ya lallaɓa ya shige ɗakinta, ita kuma ta ce maƙwabta sun fara ƙona juji. Sannan ita Innar garin taba da kanwa take ɗurawa a ƙarƙashin leɓe tun kafin a haife ni, kuma a wurin ɗanta ba ta ma san kamanninta ba. Ni take aika. "Amarya, haƙorin nan ya tashi, ɗan gutsuro mini maganin nan." 'Ya'yana sun isa zuwa gona, ni ina nan amarya. In gutsuro daga tukunyarsa, in daka, in kai mata a ɓoye. Tun da ta ɗanɗani sabuwar nan haƙorin bai sake kwanciya ba. Shi kuma ya leƙa tukunya ya ga ta ragu ya ce ɓera. Kowa ya ba ni ajiyar asirinsa, asirin da duk unguwa ta sani.

Damina ta zagayo, ya zazzage ƙahon nan kaf. Sai a lokacin ya tuna bara, saboda haɗamar ganye, bai bar ko tushe ɗaya ya yi iri ba. Ya dasa gona, ya kuma ɗebo 'yan tushe kaɗan ya dasa a bayan ɗakina, cikin gida, inda ido zai riƙa kaiwa. Waɗannan ba za a fille musu kai ba. Za su yi fure, furen ya zama kwanso, kwanson ya bushe a kwashe iri. In babu su, tabar tsohon ta ƙare, ba inda za a sake samunta.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne mata. A wurinmu ganye na maza ne, fure na mata. Mace ta ci goro, ta goga furen taba a haƙora su yi jawur, a haka ake zuwa biki. Mai gona yakan bar gefe guda don matan unguwa, kuma ba a hana maƙwabciya fure, kamar yadda ba a hana ta wuta. Shekarar nan ruwa ya yi yawa ya kashe tabar mutane, fure ya yi wuya. Sai ga na bayan ɗakina ya buɗe, manya-manya, jansu ya fi na kowa, ana hango su ta kan danga.

Daidai lokacin nan mai gida ya ga ya dace ya tafi Musawa neman jaki. Ya tsaya a ƙofar ɗakina da sandarsa ya ce, "Furen nan amana ne. Ko ƙuda ya sauka ki kore shi."

Na ce, "Inna fa? Ta kusa dawowa." Ita a Dayi ta yi damina, wurin 'yarta.

"Inna me ya haɗa ta da taba?"

Na dube shi. Ya dubi sandarsa. Ya tafi.

Ni ba mai fita ba ce, kowa ya sani, amma a kwanakin nan ban yi kewar kowa ba, don duk matan da rabona da su tun sallah sun tuna da ni. Maƙwabciyata ta zo aron tsintsiya, ta zarce bayan ɗaki inda ba a taɓa ajiye tsintsiya ba. Matar liman ta zo, wadda mijinta ba ya gajiya da faɗin cewa hayaƙin taba na korar mala'iku.

"Malam ganye ya hana," in ji ta, "bai ce komai a kan fure ba."

Na ce na iri ne.

"Iri? Duk wannan? Gonar sarki za ku shuka?"

Na ba ta daddawa. Ta karɓa, ta fita tana cewa wasu in mijinsu ya yi tafiya sai su zama dogarai. Wadda ta fi ba ni wuya ita ce ungozoma, wadda ta karɓi duk haihuwata. Ba ta roƙa ba. Ta tsaya ta kalli furen, ta kalle ni, ta ce, "Lokacin da kike kururuwa kin riƙe mini wuya, ban ce miki hannuna na iri ne ba." Ita sai da na haɗa da goro da ƙwaryar gero. Ni kaina haƙorana fari fat kamar mai takaba, ina wuni da furen a gaban idona ban taɓa ko ɗaya ba.

Inna ta dawo da hantsi, ranar da ake suna a gidan maƙwabciyar nan mai tsintsiya, 'yarta ce ta haihu. Ni aka ba tuƙin tuwo, har na ɗauki muciya. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa, ta ce ta gaji za ta ɗan miƙe, in je za ta biyo baya. Ba a tarar babba da "kada ki taɓa" tun bai sauke numfashi ba. Kuma wanda ya kamata ya faɗa mata yana Musawa yana duba haƙoran jakai.

Ina bakin murhu ina tuƙi sai na ji guɗa. Na ɗauka jariri aka fito da shi. Na ɗaga kai sai na ga wata ƙwarya na zagayawa hannu zuwa hannu, kowa ta wuce sai ta bar ta tana goga baki. Ƙwaryata ce ma, mai ɗinki a gefe. Matar liman ta taso har inda nake ta buɗe mini haƙora.

"Ashe tanadi kike yi mana. Mun zarge ki a banza, Allah ya saka."

Ungozoma ta miƙo mini guda. "Ungo, na iri ne, ki shafa."

Inna na zaune a tsakiyar tabarma ana ta zuba mata godiya. Ba tsinka ta yi ɗai-ɗai ba. Kawunan ta karyo gaba ɗaya, har da waɗanda suka fara kwanso.

Na ƙarasa tuwon, me zan yi. A hanyar komawa ta ce mini, "Mutumin naki ya yi hankali bana. Ya san zan dawo ba komai a hannu, ya bar mini abin fita kunya a bayan ɗaki."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Mai gida ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya zarce bayan ɗaki. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Wa?"

"Inna."

Ya juyo ya dube ni. Na ga maganar na zagaye tana neman inda za ta sauka, kuma na san inda.

"Ke kina ina?"

"Gidan suna."

"Mace ba ta iya zaman gida ba."

"Ni? Malam, ni da ake yi wa gori wai an binne cibiyata a gindin murhu?"

"Me ya hana ki gaya mata?"

"In ce mata me? Ɗanki da ba ya shan taba zai kwanta ciwo in taba ta ƙare?"

"Ki rage murya."

"Jakin fa?"

"Babu na kirki."

Kwanakin da suka biyo baya ba na so in tuna. Ya riƙa buɗe tukunya yana auna abin da ya rage da ido, ya leƙa gona yana kallon ganyen bana kamar mai bankwana. Ya rage sha don ta daɗe, ya koma cike giɓi da tabar gari, ya zuƙa ya tofar ya ce gara mutum ya sha hayaƙin zana. Mutumin da ya rage taba kuwa, miya gishiri ya yi yawa, yara sun cika ƙara, kaza ma ta dube shi da raini.

Ana haka sai tushen nan suka yi toho daga hammatar ganye. Na nuna masa. Ya ce ruwa ya ɗauke, ba za su kai ba, in ma sun kai irin toho ba ya da ƙarfi. Na ce a ba su ruwa mana. Ya ce, "To, ki gwada." Da kalmar nan ɗaukar ruwa ta zama tawa. Ruwan wanke-wanke, ruwan alwala, na rijiya, duk bayan ɗaki. Na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Suka miƙe, suka fara ƙunshe fure, ƙanana, ba kamar na farko ba.

Sai Inna ta wuce ta tsaya ta ce, "Allah mai iko, sun sake fitowa. Ga auren 'yar liman na tafe."

Na sami mai gida na ce wannan karon shi zai faɗa mata, ni na gaji. Ya gyara riga ya je ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ni ina tsakar gida ina tsince wake da kunne a buɗe. Ya gaishe ta. Ya tambayi mutanen Dayi. Ya tambayi yadda ruwa ya yi a Dayi. Ya tambayi dawar Dayi. Ita tana amsa wa bango. Ya taso ya dawo ya ce mini, "Ta gane."

"Me ka ce mata?"

"Na ce a riƙa lura da bayan gida saboda awaki."

Na ajiye waken. Na ga in na jira su biyun nan, har tashin duniya ba wanda zai ambaci taba a gaban wani.

Washegari da haƙorin Inna ya tashi, sai na daka mata tabar gari na kai. Ta ɗura, ta jira, ta juya harshe, ta tofar.

"Amarya, kukar miya kika dako mini?"

"Waccan ta kusa ƙarewa, Inna."

"A sayo."

"Ba a sayar da ita. Uwarta ce a bayan ɗakina. Furen nan shi ne irinta, babu wani a ko'ina."

Ta goge baki da gefen zane. Sannan ta ce, "Wanda aka kai gidan suna?"

"Shi."

"Kuma kina tsaye kika bari?"

Abin da ya zo mini baki ba a faɗa wa suruka.

"Ke wace irin yarinya ce? Baki gare ki kamar gangar biki, amma abin da ya kamata ki faɗa sai ki haɗiye."

Tun daga ranar Inna ta tare a bayan ɗakina da tabarmarta da sanda. Matar liman ta zo da maganar auren 'yarta, Inna ta ce maganin haƙori ne, in ja take so ta je ta ci barkono. Ungozoma ta zo, su sa'o'in juna ne, suka tono wa juna abin da ya faru tun suna 'yan mata, ungozoma ta fita ba fure. Akuya ma ta daina bi ta nan. Ni kuwa aikina ƙaruwa ya yi, ga ruwan taba, ga kai wa mai gadi abinci, ga faɗa in na zuba ruwan da ƙarfi. Mai gida in ya hango ta a wurin sai ya canja hanya, ya ce mini a hankali, "Kin ga, na ce miki ta gane."

Kwanson da aka samu kaɗan ne, ƙanana. Inna da kanta ta ɗaure musu tsumma don kada su fashe su zube, da suka bushe ta murje a tafin hannu ta ba ni ta ce, "Kai wa mutumin naki, ki ce a ƙasa kika tsinta." Na kai. Ya zuba a ƙaho ya toshe, bai tambayi wace ƙasa ba.

Sai da aka sake damina kafin a san abin da aka samu. Aka shuka, ta fito, aka fille, aka rataye a ɗakina, aka yi mata gumi da tabarmata. Tun kafin a gama tufka haƙorin Inna ya tashi, saboda haka ta riga shi ɗanɗanawa, amma ba ta ce mini komai ba. Ranar da ya buɗe tukunya na bi shi bayan rumbu na tsaya, don ruwan da na ɗauka ya ba ni ikon tsayawa. Ya cusa, ya kunna, ya zuƙa. Ido ya kawo ruwa. Ya riƙe hayaƙin, ya sake shi a hankali ta hanci, ya sake zuƙa, ya lumshe ido yana taunar iska. Na jira har ƙafata ta gaji.

"Ita ce," in ji shi. "Amma ta ɗan rage. Yajin na nan, ɗacin na nan, maɗin ne bai kai ba. Irin toho ne, na faɗa miki."

Kafin in buɗe baki sai muryar Inna ta taso daga ƙofar ɗakinta, da ƙarfi, wai da kaji take.

"Ba abin da ya rage. Wasu dai bakinsu ne ya mutu."

Mai gida ya cusa lofen a aljihu da wutarsa. Ya zauna ƙiƙam yana kallon rumbu, hayaƙi na fita ta gefensa, har sai da ƙauri ya tashi na fizge na zubar. Rigar nan ni na kaɗa zarenta rani guda cur. Hujin da wutar ta yi mata ya isa kan jariri ya wuce.

Da Inna ta ga rigar a shanye da safe, ta juya ta, ta sa hannu ta hujin, ta kira ni ta ce in riƙa lura da tartsatsin murhuna in ina kusa da kayan mutane.

Na ce to.